Zanen Fensir a Murhun Injin Jirgi

Akwai wani mai walda a ma'aikatarmu ta gyaran injin jirgin sama a Subang, sunansa Mazlan, amma kowa Bang Lan yake ce masa, wato Yaya Lan. Ni da nake ba ku labarin nan shekara tara na yi ina miƙa masa wayar walda da safar hannu ta tagar ɗakin ajiyar kaya. Yawancin abin a gabana aka yi, sauran kuma shi ya faɗa min da bakinsa.

Mutumin nan ya iya aiki, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba ya musu. Kafin ya zo wurinmu ya yi shekara ashirin a Pasir Gudang yana walda a jikin jiragen ruwa, sannan ya yi tara tare da mu. In ya ja layin walda kai ka ce ɗinki aka yi da allura. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma ba zai bari ka manta ba.

A wurinmu duk mai waldar da ya ci jarrabawa ana ba shi ɗan hatimi mai lamba. In ka gama gyara sai ka buga shi a katin aikin, wato ka ce ni na yi, kuma bisa ƙa'ida na yi. In aka karɓe hatiminka ba ka da ikon taɓa kayan injin, sai dai shara da miƙa wa wasu kayan aiki.

Na Bang Lan lamba goma sha bakwai ne, a wuya yake rataye shi. Shekara tara ba a taɓa dawo masa da aiki ba. A lokacin yana da shekara hamsin da bakwai, kuma wanda ya kai waɗannan shekarun in hatiminsa ya tafi da wuya ya dawo.

Injin jirgi ba da ƙarfe iri ɗaya ake yin sa ba. Sandar da ke juyawa a tsakiya da sassan da ba sa shan wuta sosai, ƙarfe ne mai tauri. Amma wurin da mai yake ci, wanda muke kira murhu, da fuka-fukan da ke bayansa, na haɗin nikel ne, don zafin wurin zai sa ƙarfen gama-gari ya saki jiki.

Shi nikel yana jure wuta, sai dai ɗan gata ne. Burushin da ya goge baƙin ƙarfe ba ya taɓa shi. Ba a ɗaukarsa da hannu mai gumi in za shi tanderu. Kuma ba a zana masa fensir, ko da ɗigo ɗaya ne. Akwai alƙalami na musamman da ake yi masa alama da shi.

Bang Lan ya tsani alƙalamin nan. Ya ce bakinsa kauri gare shi, in ka ɗiga shi sai ya rufe ƙarshen tsagar da kake nema. A Pasir Gudang kowa da fensirinsa a bayan kunne yake yawo. Da ya zo wurinmu ya bi doka, yana barin nasa a loka, wato akwatin ajiyar kayansa, amma da zarar ya fito cin abinci fensirin ya koma kunne.

Saura mako guda a fara azumi muna kantin ma'aikata muna shan shayin madara, sai Thilaga ta zo wucewa da kwanon abincinta. Ita ce injiniyar ƙarafa, shekararta biyu da zuwa, mace mara hayaniya. Ta tsaya a teburinmu.

Ta ce, "Bang Lan, wannan na kunnenka dai ba ya shiga ɗakin walda, ko?"

Ya ce, "Ƙanwata, fensirin nan ya girme ki a aiki."

Aka kwashe da dariya.

"Tambaya kawai na yi, Bang."

"Ni ma amsa na ba ki. Jiragen da na zana wa fensir suna can suna yawo a teku, ko ɗaya bai nutse ba. Ku masu digiri in ba ku ƙirƙiro doka ba abinci ba ya narke muku. Gobe za ku ce kada a yi tari kusa da nikel, zai kamu da mura."

Keong, babban mai haɗa injina kuma amininsa, ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga.

Thilaga ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙarfen jirgin ruwa a ruwa yake kwana, wannan a wuta yake kwana. Abin da ke cikin fensir ɗan'uwan gawayi ne. In zafi ya kai, shigewa yake cikin nikel ya busar da wurin, daga nan sai tsagewa."

Bang Lan ya gyara zama. "Kin taɓa gani da idonki, ko a littafi kika karanta?"

Ta ce, "A littafi."

Ya ware hannuwa ya dube mu, ya ce, "To, kun ji."

Kantin ya sake rikicewa da dariya, har da ni, Allah ya yafe min. Ta ɗauki kwanonta ta koma can gefe ta zauna ita kaɗai.

Da wata ce, ranar nan takarda za ta rubuta a kai ofis, kuma tana da hurumin yin haka. Ba ta yi ba. Da yamma ta zo tagata ta ce in ba ta guntayen nikel biyu daga cikin kayan da aka soke. Ta sayo fensir a shagon bakin ƙofa, ta ja layi a kan guda, ta bar ɗayan. Ta sa su a ƙaramin tanderun gwaji, kullum ta gasa su ta bar su su huce, yadda injin yake zafi in jirgi ya tashi, ya yi sanyi in ya sauka. Ba wanda ya kula da ita.

Azumi ya kai tsakiya aka kawo wani murhu mai tsaga goma sha ɗaya, kowace siririya kamar gashi. Irin wannan aikin Bang Lan ake ba wa. Ya ɗiga alƙalamin a ta farko, tawada ta rufe ta. Ya goge ya sake, ta sake rufewa. Ga ƙishirwa, ga zafin rana, ga dariyar kantin nan da har yanzu take masa daɗi in ya tuna.

Sai ya tashi ya je loka ya ɗauko fensirin, ya fiƙe shi, ya yi wa ƙarshen kowace tsaga alama. Ya yi waldarsa tsaf, ya sa tsumma ya goge abin da ya rage na zanen, ya buga lamba goma sha bakwai a kati.

Masu dubawa suka ɗauki hoton aikin ba su ga aibu ba, don hoto tsagar da ke nan yake nunawa, ba wadda za ta zo ba. Keong da mutanensa suka mayar da murhun cikin injin, aka kai shi ɗakin gwaji ya yi awa shida yana ruri lafiya lau. Aka sa ranar Juma'a da yamma mota ta zo ta ɗauke shi. Sallah kuma Litinin ko Talata.

Ranar Alhamis da safe, a taron da muke yi kafin fara aiki, Thilaga ta fito da guntayen nan biyu, duk sun yi baƙi. Ta ɗaure na farko a matsa, ƙarfen nan mai damƙe abu, ta lanƙwasa shi, ya lanƙwashe kamar cokali bai yi komai ba. Ta ɗaure na biyu ta ce, "Wannan shi na ja wa layin fensir. Wa zai taimaka min?"

Ba ta dubi kowa ba. Bang Lan ne da kansa ya fito yana naɗe hannun riga, yana murmushi. Ya kama ya ɗan danna.

Ƙas!

Ƙarfen ya tsage, miƙe sambal, daidai inda layin yake.

Thilaga ta ce, "Yanzu na gani da idona. Gaskiya ka faɗa ran nan, Bang, a littafi kawai na sani. Na gode da ka sa na gwada."

Wallahi ba gatse a muryarta, na tsaya na saurara da kyau. Wani daga baya ya tambaya, "To in an goge zanen fa?"

Ta ce, "Wannan ma sai da na goge shi da tsumma kafin ya shiga wuta. Ido ne kawai ba ya gani."

Na ga lokacin da murmushin Bang Lan ya ɗauke. Ya ajiye guntun a hankali ya koma layi.

Bayan azahar ya ja Keong bayan ɗakin gwaji ya faɗa masa komai. Keong ya dafe kai.

"Lan, Lan, Lan. Kai da kanka?"

"Ni da kaina."

Keong ya waiga ya rage murya. "Wa ya sani?"

"Kai kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Ita layi guda ta ja, ta gasa shi sau talatin. Kai ɗigo nawa ka yi? Injin ya ci gwaji. Kuma ai ana leƙa murhu lokaci-lokaci, in ya fara wani abu za su gani."

"In ba su gani ba fa?"

"In ka buɗe baki, hatiminka ya tafi, ka sani. Shekararka nawa? Wa zai sake ba ka? Sannan kwance injin nan a mayar aikin kwana biyar ne. Mutum goma sha biyu sun ɗaure kaya za su ƙauye. Kai za ka tsaya ka ce musu ba Sallah?"

Kada ku zagi Keong. Ba mugu ba ne, abokinsa yake tausayi. Amma shawarar ba ta da kyau, kuma shi ma a ransa ya sani.

Bang Lan ya isa gida ana saura kaɗan a sha ruwa. Matarsa Rohaya, wadda yake kira Yah, ta cika falo da gwangwanayen biskit mai abarba da za a kai ƙauyensu a Kelantan, inda mahaifiyarsa mai shekara tamanin da huɗu, wadda suke ce wa Mak, take jiransu. Da aka kira sallah ya ci dabino ɗaya ya sha ruwa. Murtabak ɗin, wato fanken da ake cusa wa nama da ƙwai, da ta bi layi ta sayo masa a kasuwar azumi ko kallonsa bai yi ba.

Ta ce, "Lafiya? Ko musanya min kai aka yi a hanya?"

Ya yi ta juya kofi a hannu, can ya faɗa mata. Rohaya ba ta san nikel ba, ba ta san murhun injin ba, amma shekara talatin da ɗaya ta san mijinta.

Ta ce, "Jirgin ina yake zuwa?"

"Ban sani ba. Sabah, Sarawak, duk inda suka tura shi."

"Ka san waɗanda za su hau?"

"Ina zan san su, Yah?"

"Shi ya sa kake zaune kana shawara. Da ka san ko mutum ɗaya a cikinsu da tun da rana ka je ofis."

Ya sunkuyar da kai. "Za su karɓe hatimin."

"Sai su karɓe. Da na aure ka wane hatimi gare ka? Babur ɗin da ka zo zance da shi ma na aro ne."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

Ta matso ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya. "Bang, ranar Sallah za ka durƙusa gaban Mak, ka kama hannunta ka ce ta yafe maka na fili da na ɓoye, kuma za ta yafe. Mu ma duk za mu yafe wa juna. Su waɗanda za su hau jirgin nan, a ina za ka same su ka roƙe su?"

Ya ce min daga wannan maganar shawara ta ƙare, abin da ya rage tsoro ne kawai.

Juma'a ƙarfe takwas ya ƙwanƙwasa ofishin Mista Loke, shugaban sashenmu, ya roƙa a kira Thilaga. Da ta shigo ya cire hatimin daga wuyansa ya ajiye a tebur.

Ya ce, "Murhun injin da za a ɗauka yau, da fensir na yi masa alama. Wuri goma sha ɗaya. Na san doka, raina ta na yi."

Mista Loke ya yi ja har kunne. Ihun da ya yi daga tagata na ji shi. "Shekara tara, Mazlan! Da sabon shiga ne in ce bai sani ba. Kai fa? Me zan faɗa wa masu jirgin?"

"Gaskiya za ka faɗa musu, Bos. Ka ce ni ne."

Mista Loke ya ɗaga waya ya dakatar da motar. Ya buɗe durowa ya jefa hatimin ya rufe. Sannan ya tara mu gaba ɗaya a tsakiyar ma'aikata ya ce, "Mazlan yana da magana."

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a safiya ɗaya ba sai ranar. Ya tsaya gabanmu ya maimaita abin da ya faɗa a ofis bai rage komai ba. Ya juya wurin Thilaga ya ce, "Na ci miki fuska kina kan gaskiya. Ki yi haƙuri." Ta gyaɗa kai kawai.

Muna tsaye cirko-cirko sai wani mai walda, Fauzi, ya ɗaga hannu. Fauzi magidanci ne mai 'ya'ya uku, ba mai wasa da aiki ba.

Ya ce, "Bos, ni ma na yi. Wuri biyu, makon jiya."

Kafin a rufe baki Azhar na kusa da shi ya ce, "Ni ma."

Mista Loke ya ce, "Wa ya ce ku yi?"

Fauzi ya kalli ƙasa. "Ba wanda ya ce. Mun dai ji Bang Lan a kanti ran nan. Muka ce in shi ya ce ba komai, to ba komai."

Wannan ta fi karɓe hatimin yi wa Bang Lan ciwo. Ya ja wani akwati ya zauna a kai. Allah ya taimaka kayan su Fauzi huɗu ne, kuma duk suna kan kanta ba su shiga injin ba. Da ya yi shiru, su ma shiru za su yi, kayan kuma su tafi.

Saura maganar wanda zai kwance injin. Mutane suka fara kallon juna, kowa na tuna tikitin mota da alƙawarin da ya yi wa yara. Sai Keong ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ku masu Sallah ku kama hanya, ku je ku cika tumbi. Mu da ba mu da Sallah za mu kwance shi. Amma in Sabuwar Shekararmu ta zo, kada in ji wani ya ce min kakarsa ba ta da lafiya."

Aka yi dariyar farko tun safe. Haka muke yi dama, su riƙe mana aiki da Sallah, mu riƙe musu da bikinsu, mu haɗu mu riƙe wa su Thilaga da nasu. Sai dai ba a taɓa yi a kan aiki mai nauyin wannan ba. Mutum takwas suka ɗaga hannu, har da biyu da ba sashen nasu ba ne.

Bang Lan ya ce shi ba inda za shi. Keong ya ce, "Ba ka da hatimi, me za ka yi mana?"

"Zan miƙa sifana. Zan wanke ƙusoshi."

"To ka wanke da kyau, ni ba na son ƙazanta."

Da suka keɓe Keong ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Shawarar da na ba ka jiya, ka manta na faɗa. Kunyarta nake ji."

Ranar Sallah Bang Lan ya je idi, ya kira mahaifiyarsa a waya ya nemi gafararta yana hawaye, ita kuma tana faɗa wai muryarsa ba ta fita sosai. Daga nan ya sa kayan aiki ya wuce ma'aikata. Da rana sai ga Rohaya da ƙaramar motarta cike da kuloli: lemang, wato shinkafar da ake dafawa a cikin gora, da rendang, wato naman shanu da aka dafa da madarar kwakwa, da na kaza daban saboda Thilaga ba ta cin shanu. Aka shimfiɗa kwali a bakin ƙofa aka ci Sallah a wurin, mai salla da mara salla.

Rohaya ta zuba wa Thilaga da hannunta ta ce, "Ke ce kika karya masa ƙarfe a hannu? Allah ya yi miki albarka. Ni shekara talatin ina neman abin da zai rufe masa baki."

Da aka fito da murhun, Thilaga ta yanko wuraren goma sha ɗaya ta duba a madubin da ke girmama abu. Ta kira Bang Lan ta ce ya leƙa. A wuri biyu ƙarfen gefen waldar ya fara bushewa, bayan awa shida kacal na gwaji.

Ya ɗago ya ce, "Da ya tashi fa?"

Ta ce, "Ƙila ya yi shekara, ƙila wata uku. Ban sani ba, Bang. Kuma na ji daɗi da ba za mu taɓa sani ba."

Bayan Sallah kwamiti ya zauna. Akwai masu cewa a sallame shi don ya zama izina. An ce Thilaga ce ta miƙe ta ce, "Laifin babba ne, a hukunta shi. Amma ba kama shi muka yi ba, shi ya kawo kansa. In kun kore shi, wanda zai yi kuskure na gaba bakinsa zai ja ya yi shiru, kuma ba za mu ji ba sai jirgi na sama."

Aka yanke wata shida ba hatimi, sannan ya sake jarrabawa tun daga farko kamar sabon shiga. Su Fauzi wata uku-uku.

Wata shidan nan ba su yi daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Mutumin da ake bi layi a kalli waldarsa ya koma tura amalanken kaya da share ƙasa. Akwai waɗanda ya taɓa yi wa dariya, suka samu dama suka rama. Sai ka ji an ce, "Lamba goma sha bakwai, miƙo min tsumma." Ya miƙa, ba ya tanka wa kowa. Sau biyu ya ce min zai ajiye aikin ya koma ƙauye, washegari kuma in gan shi ya riga kowa zuwa.

Abin da ya ba ni mamaki, ya koma mai tambaya. Da hutun rana sai ya ɗauki kofinsa ya je teburin Thilaga, ya ce ta faɗa masa dalilin da ya sa ba a haɗa burushi, dalilin da ya sa wannan wayar ba ta shiga wancan ƙarfen. Dokokin da ya shekara tara yana bi yana ƙunƙuni, sai lokacin ya san abin da suke karewa. Ita ma ta riƙa tambayarsa abin da hannu ya sani, littafi bai rubuta ba. Gwajin idon da aka yi masa kuma ya nuna yana buƙatar tabarau. Ashe rabin laifin da yake ɗora wa alƙalamin nan na idonsa ne.

Ranar jarrabawa ya zauna tare da mutanen da ya haifi sa'anninsu. Ya yi waldar gwaji shida, aka yanka su aka duba, aka lanƙwasa. Kwana uku muna jira, shi ko abinci ba ya iya ci sosai.

A rana ta huɗu Mista Loke ya kira shi. Ya buɗe durowar nan ya fito da hatimin, igiyar ma ba a canja ba. Ya riƙe shi a hannu bai miƙa nan take ba.

Ya ce, "Masu hannu irin naka zan iya samu, Mazlan, ko da wuya. Wanda zai shigo ofishin nan da ƙafarsa ya ajiye wannan a teburina, ban san ko zan ƙara samu ba. Karɓi."

Bang Lan ya karɓa da hannu biyu. Ya fito ya tsaya a baranda ya kira matarsa.

"Yah, sun mayar min."

Can ta ce, "To. Ka biya kasuwa ka sayo albasa, ta ƙare."

Sai dai ta manta ba ta kashe wayar ba. Yana tsaye yana jin ta tana kuka tana cewa Alhamdulillahi, Alhamdulillahi.

Darasi: Ƙwarewa ba ta ba ka lasisin raina dokar da ba ka gane dalilinta ba, kuma maganar da babba ya yi da wasa, na ƙasa da shi aiki suke yi da ita. In ka yi kuskuren da zai iya cutar da mutanen da ba ka sani ba, ka faɗa tun ana iya gyarawa, ko da zai ci maka matsayi. Matsayi yana dawowa, rai ba ya dawowa. Kai kuma da aka ci wa fuska kana kan gaskiya, ka yi haƙuri ka kawo hujja, kada ka rama. Ku tura wa duk wanda kuka san rayukan mutane na bi ta hannunsa: makaniki, direba, ma'aikacin asibiti, magini. Wataƙila akwai mai wata magana a ciki da yake tsoron faɗa.